Makunnin da ke cikin ɓargo: yadda jinin jarirai ya zama maganin sikila

Ranar wata Laraba ce, ina koyar da darasin gado ga 'yan aji uku na babbar sakandare. Na zana akwatin nan mai gida huɗu a allo, na rubuta AS a sama da AS a gefe, na cike gidajen: AA, AS, AS, SS. Haka aka koya mini, haka ni ma na shekara da shekaru ina koyarwa. Na ɗauki abin goge allo ke nan sai wata yarinya da ke zaune bakin taga ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, ƙannena biyu duk SS ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Namijin wata ba ya ƙarewa ba mu kwana asibiti da shi ba. Macen kuwa sai ta shekara ba ta kwanta ba. In dai SS ɗin ɗaya ce, me ya raba su?"

Ajin ya yi tsit. Na ce mata, "Zauna 'yata, tambayarki ta fi ƙarfin akwatin nan. Ki ba ni zuwa mako mai zuwa."

Akwatin bai yi ƙarya ba. Yana faɗin wanda zai iya gadon S daga uwa da uba, amma a nan iliminsa ya tsaya. Yadda ciwon zai kasance a jikin yaro, mai tsanani ko mai sauƙi, wannan yana hannun wasu abubuwa daban, kuma mafi girma daga cikin waɗanda aka gano shi ne ragowar jinin jarirta da ke saura a jikin mutum bayan ya girma. Masu bincike sun bi sawun wannan jini shekara 75, daga 1948 zuwa 2023, har ya kai su ga magani na farko a duniya da aka yi da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Wannan sawun nake son mu bi.

Igiyar da ke tuƙewa a cikin ƙwaya

Kowace jar ƙwayar jini 'yar jaka ce cike maƙil da wani furotin da ake kira himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Himogulobin ɗin babban mutum sarƙoƙi huɗu ne a dunƙule, biyu ana ce musu alfa, biyu beta. Sarƙar beta kamar carbi take mai dutse 146, kowane dutse amino asid ne. A jikin mai sikila dutse na shida kaɗai ne ya sauya: inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. Tushen hakan harafi ɗaya ne a cikin DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, a kan ƙunshinsa da ake kira kuromozom na 11, inda GAG ta koma GTG. Kundin halittar mutum yana da haruffa wajen biliyan 3.

Gulutamik asid yana jituwa da ruwa. Balin kuwa halin mai ne da shi, gudun ruwa yake yi, yana neman inda zai laɓe. Muddin himogulobin yana riƙe da oksijin babu abin da ke faruwa. Da zarar ya sauke kayansa sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan rami ya bayyana a jikinsa, balin ɗin maƙwabcinsa ya faɗa ciki ya manne. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zarurruka da ke tuƙewa kamar igiyar rama. Igiyoyin nan su ke sandarar da ƙwayar su lanƙwasa ta kamar lauje. Ƙwayar da ta sandare ba ta iya kurɗawa ta ƙananan hanyoyin jini, sai ta toshe su, abin da ke gaba ya rasa iska, ciwon ƙashin nan da ke sa ƙato kuka ya taso. Ga shi kuma ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa.

Akwai wani abu da William Eaton da James Hofrichter suka auna a Amurka a shekarun 1970, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar komai. Igiyar ba ta tuƙewa nan take. Bayan himogulobin ya saki oksijin akwai ɗan jinkiri kafin zarurrukan su fara haɗuwa. Idan ƙwayar ta samu ta fice daga matsatsiyar hanya kafin jinkirin ya ƙare, ta tsira, za ta koma huhu ta sake ɗaukar iska, abin da ya fara haɗuwa ya warware. Ashe tsere ne ake yi a jikin mai sikila dare da rana. Sun kuma gano cewa tsawon jinkirin ya dogara ƙwarai da yadda himogulobin S, wato na mai sikila, ya yi kauri a cikin ƙwayar: a ɗan sirka shi kaɗan, jinkirin ya ninku sau da yawa. Shi ya sa likitoci ke nacewa mai sikila ya yawaita shan ruwa. Shi ya sa kuma duk abin da zai shiga tsakanin himogulobin S da ɗan'uwansa ya hana su mannewa zai iya zama magani.

Mutanenmu sun san amosanin jini tun kafin a san madubin likita. A rubuce dai James Herrick ne ya fara bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a Chicago a 1910, a jinin wani ɗalibin likitancin haƙori ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila yana tafiya daban da na sauran mutane idan aka sa shi a hanyar lantarki, suka kira ciwon cutar da ke cikin ƙwayar furotin kanta, karo na farko da aka faɗi haka a kan wata cuta. Dabarar da suka yi amfani da ita ita ce asalin gwajin jinotaif da ake yi wa masu shirin aure a yau. Vernon Ingram a Cambridge shi ya gano dutsen carbin da ya sauya, a 1956 da 1957.

Abin da likitar yara ta lura da shi

Shekara ɗaya kafin Pauling, wata likitar yara a Brooklyn mai suna Janet Watson ta lura da abin da duk uwar da ta reni mai sikila ta sani: jariri ba ya nuna ciwon a watannin farko. Ana haifarsa lafiya, a yi suna, a yi arba'in, sai ya kai wata biyar ko shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Watson ta duba jinin jarirai ta ga ƙwayoyinsu ba sa lanƙwasa kamar na iyayensu mata, ta ce tana zaton himogulobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki ne ke kare su.

Zatonta ya tabbata. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga jinin uwarsa yake karɓar oksijin, saboda haka nasa himogulobin ɗin, wanda ake kira HbF, ya fi na uwa ƙarfin jan iska. Maimakon sarƙar beta, wata sarƙa yake da ita mai suna gama. Tunda aibin yana jikin beta ne, gama ba ta da shi, kuma ba ta yarda ta shiga cikin igiyar. Tana sirka himogulobin S, tana kuma katse tuƙar. Amma daga haihuwa jiki yakan fara kashe gama ya kunna beta, kafin yaro ya shekara HbF ta ragu ƙwarai, a jikin yawancin manya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sai dai ba kowa ne jikinsa ke kashe ta ƙurmus ba. A gabashin Saudiyya, wajejen Ƙatif da Ahsa, da wasu sassan Indiya, akwai masu SS da HbF ɗinsu ke da yawa, kuma ciwon yakan zo musu da sauƙi a ƙuruciya. Akwai ma iyalai da suka gaji S tare da wani yanayi da ke barin HbF a kunne har tsufa, wajen kashi 30 cikin 100 na jininsu, kuma kusan ba sa ganin alamar ciwo. Harafin da ya sauya ɗaya ne a jikinsu da jikin yaron da ke kwance a asibitin Kano ko na Maraɗi. Abin da ya bambanta shi ne makunnin. To ina makunnin yake, kuma wa ke danna shi? An shafe shekara 60 ana wannan tambayar.

Kafin a samu amsa an yi dace da wani tsohon maganin cutar daji mai suna haidiroksiyuriya. An ga yana ɗaga HbF, ko da yake ba a fahimci duk hanyoyin da yake bi ba. Babban gwajin da Samuel Charache ya jagoranta a kan manya 299, wanda aka buga a 1995, ya nuna tashin ciwo ya ragu kusan da rabi, har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa don kowa ya samu maganin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Yadda aka kama mai danna makunnin

Ba ta hanyar zato aka gano shi ba, ta hanyar ƙirga ne. Bayan an kammala karanta kundin halittar ɗan'adam, ya zama ana iya ɗaukar dubban mutane, a auna HbF ɗin kowa, sannan a duba wane wuri ne a cikin DNA bambancinsa ke tafiya tare da yawan HbF. A 2007 rukunin Swee Lay Thein a Landan, sannan a 2008 wani bincike a kan mutanen tsibirin Sardiniya na Italiya, duk suka nuna wuri ɗaya a kuromozom na 2, wata ƙwayar gado mai suna BCL11A. Masu nazarin jini ba su taɓa kawo ta a rai ba, an fi saninta da aiki a ƙwayoyin garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa.

A ƙarshen 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa ita ce mai kashe gama: idan aka rage ta a ƙwayoyin jinin babban mutum, HbF sai ta dawo. A 2011 aka cire ta daga ƙwayoyin jinin ɓerayen da aka sa wa sikila, ɓerayen suka warke. Matsalar ita ce ba za a iya kashe BCL11A a jiki gaba ɗaya ba, domin wasu sassan suna bukatarta. Nan ne Daniel Bauer, shi ma daga ɗakin binciken Orkin, ya zo da abin da ya warware ƙullin a 2013. Ya gano wani ɗan yanki na DNA da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Kamar gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da nasa makunnin. Kana iya kashe na ɗaki ɗaya, wutar sauran ba ta motsa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya zo ne a 2018, lokacin da aka ga ainihin inda furotin ɗin BCL11A ke zama a gaban ƙwayar gadon gama don ya toshe ta. Sai ga shi wurin nan ne daidai inda wasu daga cikin iyalan nan masu HbF har tsufa suke da sauyin harafi. Mazaunin ne ya lalace a jikinsu, mai toshewar ya rasa inda zai zauna. Abin da masana suka sha wahalar ƙirƙira, akwai bayin Allah da aka haifa da shi.

A tsakanin nan, a 2012, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun nuna cewa wata dabara da ƙwayoyin bakteriya ke kare kansu da ita za ta iya zama almakashi mai yanke DNA a duk inda aka nuna masa. Ita ce CRISPR, wadda ta ba su kyautar Nobel a 2020. Almakashi ya samu, wurin yanka ya samu.

A watan Yulin 2019, a wani asibiti a Nashville, aka yi wa Victoria Gray, 'yar jihar Mississippi mai 'ya'ya huɗu, wannan aiki, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa. Yadda ake yi shi ne: a ba majiyyaci maganin da zai koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo su shigo jini, a tace su da na'ura, a kai su ɗakin sarrafawa a yanke ɗan makunnin nan na BCL11A. Sannan a ba shi busulfan, magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara, ya yi makonni a keɓe a asibiti har sabon ɓargo ya kama. A lura, harafin sikilar ba a taɓa shi ba, yana nan inda yake. An dai sake kunna jinin jarirta ne, har ya kai wajen kashi 40 cikin 100 ko fiye, ya hana igiyar tuƙuwa. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta bi baya ranar 8 ga Disamba. A bayanan da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Ba ƙaramar nasara ba ce, kuma duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaro ciwo na cin ƙashinsa cikin dare ba zai raina ta ba. Amma tana da nauyinta. Busulfan yana iya hana haihuwa, yana kuma barin mutum ba garkuwa na tsawon makonni. Ba a kai ga sanin abin da zai biyo baya nan da shekara 20 ko 30 ba, tunda mutum na farko ma a 2019 aka yi masa. Sai kuma kuɗi: dala miliyan 2.2 a Amurka, wato sama da naira biliyan 3 a lokacin da dala ta haura naira 1,500. Nijeriya kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, ana kiyasin ana haifar jarirai 150,000 da ciwon duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Maganin da ke buƙatar ɗakin dashen ɓargo ga kowane majiyyaci ba zai kai ga waɗannan yara ba a yadda yake yanzu. Shi ya sa hankalin masu bincike ya koma kan hanya biyu: allurar da za ta kai almakashin cikin ɓargo kai tsaye ba sai an fitar da ƙwayoyi ba, da kuma ƙwayar sha da za ta danne mai danne gama. A 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun yi alƙawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman irin waɗannan magunguna masu araha na sikila da ƙanjamau. Har yanzu dai ana kan hanya.

Daga Garki zuwa Kano

Ƙasar Hausa tana da nata gurbin a wannan tarihi, kuma ɗalibaina ba su taɓa jin labarinsa ba sai ranar da na kawo musu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani gagarumin binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yau. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka duba jinotaif ɗin mutanen. Kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin yaran da suka tasa da manya da ƙyar ake samun mai SS. Ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi tun suna ƙanana, yawanci ba tare da kowa ya san sunan abin da ya ɗauke su ba. Masu AS kuwa kasonsu ƙaruwa ya yi, daga wajen 24 cikin 100 a jarirai zuwa wajen 29 a waɗanda suka girma, domin sun fi tsira daga mummunan zazzaɓi. Abin da Anthony Allison ya bayyana a gabashin Afirka a 1954 ke nan, ga shi an gan shi da ido a ƙauyukanmu. Wannan kariyar ce dalilin da ya sa S ta yaɗu a duk inda sauro ya yi ƙarfi, daga nan har Girka da Indiya.

Yau masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure, saboda rigakafi da gidan sauro da maganin fenisilin da ƙarin jini. Amma akwai wata masifa da ke labe musu: shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, wajen yaro ɗaya cikin goma zai gamu da ita kafin ya kai shekara 20. Tun shekarun 1990 aka sani cewa wata na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen kai tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma yaron da gudun nasa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari babba. Maganin da aka samu a Amurka shi ne ƙarin jini duk wata, wanda ke rage haɗarin da kusan kashi 90. To a garin da mai naƙuda ma sai 'yan'uwa sun yi ta faɗi-tashin neman leda ɗaya, ina za a samu jinin da za a ƙara wa dubban yara kowane wata?

Likitocin Kano da Kaduna, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan gaba, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka tambayi abin da ya dace da halinmu: shin haidiroksiyuriya zai iya tsayawa a wannan gurbi? Gwajin da suka kira SPRING, wanda aka buga a 2022 da sunan Shehu Abdullahi a farkon marubuta, ya ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da na'urar ta nuna suna cikin haɗari. Aka raba su biyu, wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. A duka rukunonin yawan shanyewar jiki bai kai 2 cikin 100 a shekara ba, alhali abin da aka sani ga irin waɗannan yara in ba a yi musu komai ba wajen 10 ne cikin 100. Masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. An kuma horar da ma'aikatan jinya su riƙa yin awon da na'urar, aikin da a da sai ƙwararren likitan hoto. Wani gwajin, REACH, a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ya kawar da tsoron da ake yi cewa maganin zai ƙara wa yara zazzaɓi, ya ma nuna zazzaɓin raguwa ya yi.

Casgevy da haidiroksiyuriya ƙofa ɗaya suke bugawa, ta HbF. Ɗaya yana buɗe ta gaba ɗaya a kan kuɗin da ya fi ƙarfin kowa, ɗayan yana ɗan tura ta kullum a kan abin da gwamnatin jiha za ta iya saya wa yaranta idan ta sa kanta. Abin da ke ci mini rai shi ne na biyun yana nan shekara kusan 30, amma iyaye da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Komawa aji

Mako ya zagayo na shigo aji da ƙwarya biyu-biyu da mudun wake, fari da ja. Na raba su bibbiyu, kowace ƙwarya na sa mata farin wake ɗaya da jan wake ɗaya, fari A, ja S. Ƙwarya ɗaya uwa, ɗaya uba. Za a rufe ido a ɗauko ɗaya daga kowace, a rubuta abin da ya fito, a mayar da waken, a sake, har sau huɗu. Gida ke nan mai 'ya'ya huɗu.

Kafin a fara na tambaye su, gida nawa ne zai samu SS ɗaya daidai? Kusan duk suka ce kowane gida, ai ɗaya cikin huɗu ne. Da aka gama muka jera sakamakon a allo. Wasu gidajen ba su samu SS ko ɗaya ba. Wasu biyu. Wasu yara maza biyu a bayan aji suka samu uku, ɗayansu ya ce, "Malam, a sake mana, ƙwaryarmu ce ba ta da kyau." Na ce ya duba ƙwaryar. Ya juya ta ya ga ba ta da bambanci da ta kowa, sai jikinsa ya yi sanyi.

Lissafin ba shi da wuya. A gidan AS da AS mai 'ya'ya huɗu, yiwuwar a samu SS ɗaya daidai kashi 42 ne cikin 100, yiwuwar kada a samu ko ɗaya 32, yiwuwar a samu biyu ko fiye 26. Kowane ciki sabon ɗauka ne, ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito jiya. Na sha jin magidanci mai ilimi yana cewa tunda na fari ya zo da sikila, uku masu zuwa sun kuɓuta. Na kuma ji mai cewa gwajin ƙarya ne, tunda maƙwabcinsa AS ya auri AS sun haifi biyar ba ko ɗaya. Dukansu sun ci jarrabawar akwati mai gida huɗu. Yanzu da jihar Kano ta sa gwajin jinotaif cikin dokar gwajin lafiya kafin aure ta 2024, takardar sakamako za ta riƙa shiga hannun waliyyai da limamai da 'yan mata masu shekara 18, kuma abin da suka fahimta daga haruffan nan biyu shi zai yanke hukunci a kan rayuwar mutane. A aji ake gina wannan fahimtar ko a rushe ta.

Masu binciken koyar da kimiyya sun auna irin wannan. Scott Freeman, malamin ilimin halittu a Jami'ar Washington, da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a 2014, suka ga a azuzuwan jami'a da malami ke zuba bayani kawai kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, a inda ɗalibai ke aiki da hannunsu da kansu kuwa kashi 22. Wani ƙaramin gwaji da Annie Jamieson da Gregory Radick suka yi a Jami'ar Leeds ya fi kusa da tambayar ɗalibata. Sun koyar da darasin gado ta hanyar farawa da yadda ƙwayoyin gado ke cuɗanya da junansu da muhalli, maimakon farawa da gwajin waken Mendel, masanin da ya fara fitar da dokokin gado, suka ga ɗaliban sun rage ɗaukar cewa ƙwayar gado ɗaya ita ke yanke komai. Gwajin ƙarami ne, ba zan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya yi daidai da abin da na gani. Mu da muka tashi da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna saurin ɗaukar gado a matsayin hukuncin da ba ya motsi. Yaron da aka koya wa cewa SS tana nufin ƙaddarar mutuwa da wuri zai kalli abokinsa mai sikila da wannan idon, in kuma shi ne mai ita, zai kalli kansa haka.

Saboda haka a rabin darasin na biyu na zana musu igiyar, na zana HbF tana katse ta, na ba su labarin Janet Watson da makunnin da ke kuromozom na 2 da yaran Kano 220. Na gaya wa mai tambayar cewa 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya suna iya gadon S iri ɗaya amma su gaji makunni daban, ɗaya jikinsa ya bar HbF da ɗan yawa, ɗaya ya kashe ta sosai. Na ce mata akwai wasu dalilan kuma, kamar wani gado a sarƙar alfa da ke sassauta ciwon, da yawan zazzaɓi, da sanyi, da ƙishirwa, kuma likitan da ke duba ƙannenta ne kaɗai zai iya faɗin wanne ne ya raba su, bayan ya auna.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce, "Malam, me zan ce Baba ya tambayi likita?" Na ce abu uku: a auna HbF ɗin yaran biyu, a yi musu awon gudun jini na gefen kai, sannan a tambaya ko namijin ya cancanci haidiroksiyuriya. Ta buɗe bangon littafinta na baya ta rubuta na farko da na biyu, ta tsaya a na uku, ta miƙo mini biron in rubuta mata da kaina don kada ta yi kuskuren harafi.